Takardar lafiyar mota da ƙafar da ba a leƙawa

A bakin makanikan Daura, idan aka ce mota tana da ciwon ƙafa, ba taya ake nufi ba. Ƙafa ita ce duk ƙarfe da robar da ke tsakanin taya da gangar jikin mota: hannuwan da ke riƙe da taya, da shokazoba, da sifirin, da bushin, da boljoyin, da tayarod mai isar da umarnin sitiyari zuwa ƙasa. Babu sashen mota da ke shan azaba a hanyoyin masarautar nan kamar wannan, kuma babu wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarsa. Mai mota ya san ranar juye baƙin mai, ya san mai wankin da ke fito masa da ƙyallin fenti, yana iya kwana da baƙin ciki saboda ɗan ƙarzanen da babur ya yi masa a ƙofa. Amma ƙafa sai ta yi ƙara ake tunawa da ita, idan ma ta yi ƙarar, sau da yawa rediyo ake ƙara wa murya.

Sakacin ya fi muni a manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Hilux da Land Cruiser, kuma sunan da suka yi shi ne ya jawo musu. Tun da kamfanin Toyota ya fito da Hilux a 1968 take tara shaidar juriya, har ta kai mutane sun ɗauka motar ba ta da abin da ke mutuwa a jikinta. Injin kam yana da tsawon rai, ƙashin bayanta na ƙarfe ne mai kauri. Sai dai ƙarfen nan a kan roba yake zaune, roba kuwa ba ta san sunan motar da aka ɗaura ta a ciki ba.

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure. Kwalta ta haɗa manyan garuruwanta, ga hanyar Katsina da ta bi ta Mashi, ga ta Kano da ta bi ta Kazaure, ga wadda ta nufi Kwangwalam a bakin iyakar Nijar, ga kuma wadda ta ratsa Zango zuwa Baure da Babban Mutum. Da an sauka daga waɗannan, sai burji mai gargada da turbar rairayi, wadda damina ke zaftarewa, rani kuma ya mayar da ita gari. A nan ne aikin babbar mota yake. Ita ke kai ma'aikatan rigakafi da akwatunan sanyi ƙauyukan bakin iyaka, ita jami'an kwastan da na tsaro ke sintiri da ita, ita ke ɗauko mai naƙuda da tsakar dare, ita ɗan kasuwa ke labta wa buhunan gero da wake ranar kasuwar Mai'adua. Motar da ta wuni tana dukan gargada da kaya fiye da ƙima, ita ce kuma za ta hau kwalta da yamma ta kama gudun kilomita 120 a awa zuwa Katsina. Lahanin da turba ta yi mata a hankali, a kan kwalta yake bayyana lokaci guda.

Bushin abu ne ƙarami da zai cika tafin hannu: bututun ƙarfe a ciki, wani a waje, roba a manne tsakaninsu. Ana sa shi duk inda hannun ƙafa ya haɗu da jikin mota, da kuma idanun sifirin na baya. Mutane da yawa suna zaton juyawa yake yi kamar ƙyauren ƙofa a kan maƙalinsa. Ba haka ba ne. Bututun ciki a ɗaure yake tamau, na waje ma haka, robar ce ke murɗewa ta dawo duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Da wannan murɗewar take yin ayyuka biyu: tana shanye girgiza kada ta isa ga na cikin mota, tana kuma riƙe taya a daidai kusurwar da masu ƙera motar suka ƙayyade. Aiki na farko kowa yana jin sa a ƙugunsa. Na biyun ba a jin sa, alhali shi ne mai riƙe da rai.

Abokan gabar roba uku ne, kuma Daura ta tara su duka. Zafi yana busar da ita ta tsattsage, ga shi kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin motar da ke tsaye a kan kwalta. Mai yana narkar da ita, don haka injin da ke ɗigar da baƙin mai ko sitiyarin da ke yoyo yana cin bushin ɗin da ke ƙasansa a ɓoye. Na uku shi ne nauyi da duka. Ko motar da ke ajiye a rumfa ba ta tsira ba, domin roba tana tsufa da shekaru ko ba a taka ta ba. Wannan ya sa motar ofis da ta shekara takwas ba ta yi wata doguwar tafiya ba tana iya zama da ruɓaɓɓiyar ƙafa, komai ƙyallin jikinta.

Boljoyin da kan tayarod kuwa gaɓoɓi ne irin na kafaɗar mutum: dunƙulen ƙarfe a cikin ƙoƙo, an cika shi da giris, an rufe da 'yar hular roba. Muddin hular tana nan lafiya, gaɓar tana iya shekaru. Ranar da ƙaya ko dutse ko tsufa ya yaga ta, rairayi ya samu ƙofa. Rairayi da giris idan suka haɗu sun zama abin wasa wuƙa, kowane juyin sitiyari yana ƙara cin ƙarfen, har dunƙulen ya fara rawa a cikin ƙoƙonsa. Daga nan sai alamu su biyo baya: ƙwanƙwasa idan an faɗa rami, sitiyari ya yi sako-sako, mota ta riƙa karkata gefe idan an taka birki, gefe guda na taya ya cinye ya bar ɗayan sabo. A tsofaffin Land Cruiser masu dunƙulallen ƙarfen gaba, sitiyari yakan kama makyarkyata mai tsanani a wani mizanin gudu, har sai direba ya rage tafiya sosai kafin ta lafa.

Duk waɗannan gargaɗi ne, kuma ƙaramar mota ba ta bari a raina su, domin da ƙafarta ta fara lalacewa tuƙinta ya zama wahala. Babbar mota ce ke yaudara. Tayoyinta masu kauri suna haɗiye ƙara, ƙarfin da ke taimaka wa sitiyari yana ɓoye nauyin da hannu ya kamata ya ji, direban da ya saba da ita kuma yana gyara karkatarta ba tare da ya san yana yi ba. Haka za a yi ta tafiya wata da watanni. Amma gaɓar da ta ci ta ci, ƙarshenta ficewa ne. Idan boljoyin na ƙasa ya fice, taya ta kwanta ƙarƙashin mota. Idan kan tayarod ya fice, tayar ta daina jin maganar sitiyari, ta nufi inda ta ga dama. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa guda, ga ta da tsayi, nauyinta yana sama, don haka ta fi ƙaramar mota saurin kifewa. Babu gwanintar direba da ke aiki a wannan daƙiƙar.

A garin da ake hawan Sallar Gani wannan bai kamata ya zama baƙon zance ba. Babu mahayin da ya san abin da yake yi da zai kashe dukiya a kan jalala da kayan ado, sannan ya hau bai taɓa majayi ya ji ƙarfin ɗaurinsa ba, bai duba linzami ba. Tayarod linzami ne, bushin majayi ne. Bambancin kawai shi ne doki yana nuna rashin jin daɗinsa a fili.

Sauya waɗannan kaya ba aiki ne mai wuyar fahimta ba, amma yana da ƙa'idojin da ake yawan tsallakewa, kuma tsallake su ne ke sa mai mota ya koma gareji bayan wata uku yana zagin kayan zamani. Tsohon bushin da na'urar matsi ake fitar da shi, sabon ma da ita ake shigar da shi a miƙe. Inda babu na'urar, sai a ƙona tsohon da wuta, a dandaƙa sabon da guduma, wutar ta raunana ƙarfen hannu, gudumar ta lanƙwasa bututun tun bai fara aiki ba. Ƙa'ida ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Tunda robar murɗewa take yi, ba a ƙarasa ɗaure notinta sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta a kan tayoyinta. Idan aka ɗaure tana rataye a kan jak, da zarar an sauke ta robar ta riga ta murɗe, a haka za ta zauna dare da rana, ramin farko mai zurfi ya yaga ta. Bushin na asali mai tsada da aka ɗaure a sama bai fi na jabu daɗewa ba. Sai kuma notin kan tayarod, wanda ke da ɗan siririn ƙarfen da ke kulle shi kada ya warware. Sau nawa ake maye gurbinsa da lanƙwasasshiyar ƙusa, ko a bar ramin fayau? Daga ƙarshe, duk wanda ya taɓa tayarod ko hannun ƙafa ya canza saitin tayoyi, dole a kai motar a yi mata alaimen. Wanda ya yi ƙyashin wannan kuɗin zai biya ninkinsa a wurin mai sayar da taya.

Akwai kuma dabarun da talauci ya haifa: a yanko bushin daga tsohuwar taya, a bubbuga ƙoƙon boljoyin da ya ci don ya matse, ko a ɗiga masa walda. Bushin taya yana iya fitar da amalanke ko motar da ba ta wuce gona da gida. Amma bubbuga gaɓar sitiyari kashe ƙararrawa ne a bar gobara, domin ƙarar ce kawai ta tafi, ƙarfen da ya sirance yana nan yadda yake.

Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora laifin a kan bakanike, kuma wannan rashin adalci ne. Yawancin masu gyaran ƙafa sun koyi aikin ne a hannun iyayen gidan da suka ƙware a kan Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, suna da kunnen da ke gane ƙarar boljoyin daga ta shokazoba tun mota ba ta tsaya ba. Abin da ba su da shi kayan aiki ne da kuma ikon cewa a'a. Bakaniken da ya ce sai an sauya gaɓoɓi huɗu, mai mota zai ce yana son ya cuce shi, ya wuce rumfa ta gaba inda za a bubbuga masa a sallame shi da araha. Kasuwa tana hukunta mai gaskiya. Ga kuma tsadar kaya: kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, kuma kusan duk wata gaɓar Hilux daga waje take zuwa. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano zai tarar da kaya hawa-hawa: na asali, da na kamfanonin da suka san aikinsu, da na jabu a kwali mai kama da na asali, da kuma kwance da ake kira Beljiyam. Kwancen ƙofa ko fitila ba laifi. Kwancen roba kuwa sayen tsufan wani ne, domin ta riga ta ci shekarunta a wata ƙasar kafin ta hau jirgin ruwa.

Ko masu ƙera motar ba su ɗauki wannan sashe da wasa ba, ko kuma a ce an hana su ɗaukarsa da wasa. A 2004 Toyota ya janye motoci kusan 330,000 samfurin Hilux a Japan saboda wani ƙarfen sitiyari da ke iya tsagewa, a 2005 ya janye kusan miliyan guda a Amurka kan matsala iri ɗaya, daga baya hukumomin Amurka suka ci shi tarar sama da dala miliyan 16 saboda jinkirin da ya yi. Ƙarfe guda ne, tsawonsa bai fi hannun mutum ba. Can akwai hukumar da ke bin sawun irin wannan, akwai rajistar da za a nemo mai mota da ita a aika masa takarda. Motar da ta shigo ta Kwatano ta sauya hannu sau huɗu kafin ta iso Zango, babu mai aiko mata da komai.

Saboda haka maganar ta koma kan dubawa. Dokar hanya a Nijeriya ta tanadi takardar shaidar lafiyar mota, wadda ake sabuntawa tare da sauran takardu. Duk mai mota ya san yadda aka saba samunta: a biya kuɗi, a karɓi takarda, motar tana gida ko tana Legas. Takardar ta zama rasiɗin haraji da aka yi wa suna mai daɗi. A Ingila gwajin shekara-shekara ya fara ne a 1960, kuma abubuwa uku ya fara dubawa: birki da fitilu da sitiyari. Da farko motocin da suka shekara goma ya shafa, zuwa 1967 aka sauko da shi kan duk wadda ta shekara uku. Ba da kwamfuta suka fara ba. Mutum ne ke shiga ƙarƙashin mota da fitila da sandar ƙarfe, ya banƙara kowace gaɓa ya ga ko tana motsi, wani ya girgiza taya hagu da dama, sama da ƙasa. Gwajin ƙafa har yau bai wuce haka da yawa ba, kuma ba ya cin minti ashirin.

Za a ce gudu ne ke kashe mutane, ba bushin ba. Gaskiya ne cewa rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun daɗe suna sa gudun wuce kima a sahun gaba. Amma a cikin rukunan da hukumar ke rarraba musabbabin haɗari akwai ƙwacewar mota da fashewar taya. Me ya ƙwace motar? Me ya cinye gefen tayar har waya ta fito kafin ta fashe? Jami'in da ya iso bayan mota ta yi adungure sau uku zai tarar da tayarod a karye, ba shi da hanyar sanin ko karyewar ce ta jawo haɗarin ko haɗarin ne ya karya shi. Sai a rubuta abin da ya fi sauƙin rubutawa, 'yan uwa kuma su ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Gudu da lalatacciyar ƙafa ba kishiyoyi ba ne, gudun ne ke mayar da ƙaramin lahani ajali.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: duk sabuwar dokar dubawa a ƙasar nan takan rikiɗe ta zama sabon shingen karɓar na goro, talaka mai tsohuwar a-kori-kura ya sha wahala, mai baƙin gilashi ya wuce ana sara masa. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa bai kamata a fara da talaka ba, bai kuma kamata a fara a bakin hanya ba. A fara da motocin da aka saya da kuɗin jama'a. Ƙananan hukumomi biyar, da asibitoci, da makarantun gaba da sakandare, da hukumomin tarayya da ke da ofisoshi a masarautar, duk suna da irin waɗannan motoci, kuma halin hukuma a nan sananne ne: sayen sabuwa yana da biki da hoto da kaso, sauya bushin ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa harabar ofisoshi da yawa ke da gawarwakin motocin da aka ɗora a kan duwatsu, waɗanda injinsu lafiya lau, ƙafa ce ta kwantar da su, aka bar su har aka fara zare musu kaya. Direban gwamnati da ya kai ƙorafin ƙara a ƙafa, amsar da ya fi samu ita ce ya lallaɓa. Shi ne kuma zai ɗauki ma'aikatan lafiya shida zuwa wani ƙauye a Baure da wannan lallaɓawar.

Daura tana da abin da garuruwa da yawa masu girmanta ba su da shi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a watan Disambar 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Hankalin jami'ar ya fi karkata ga jirgin ƙasa, kuma da dalili, tunda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Daura aka tsara ya bi. Amma jirgin ƙasa ba zai je ƙauyukan Sandamu ba, kuma sufurin da mutanen masarautar ke hawa yau a kan roba da boljoyin yake tafiya. Rumfa guda mai ramin dubawa, da na'urar matsi, da na'urar alaimen, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri, kuɗinsu bai kai na sabuwar Hilux guda ba. A irin wannan rumfa ɗalibin injiniya zai ga yadda ƙarfe ke ci da idonsa maimakon a allo, bakaniken cikin gari ya kawo hannun ƙafa a matsa masa bushin da ɗan kuɗi kaɗan ya ajiye guduma da wuta, ƙungiyar makanikai ta turo yaranta kwas na mako biyu.

Sharaɗin da zai ba wa rumfar ma'ana shi ne wanda ya duba kada ya zama shi ne mai gyara, kada kuma ya zama mai sayar da kaya. Aikinsa ya tsaya a kan takarda guda: lambar mota, da kilomitar da ta ci, da sunan kowace gaɓa, da abin da aka gani a jikinta, da sa hannun wanda ya shiga ramin. Motar hukuma ta zo sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta, kuma kada ma'aji ya saki kuɗin man motar da takardarta ta nuna gaɓar sitiyari mai rawa sai an kawo tsohuwar da aka cire an ajiye a kan teburinsa. Mai motar kansa da ya ga dama ya zo ya biya a duba masa, ya fita da takardar da zai nuna wa bakanikensa, ko wanda zai saya daga hannunsa.